Darasi na 6: Dutsen Kalambaina da jibsum ɗin Dange

'Yan uwa, yau karatunmu a kan abin da ke ƙarƙashin ƙafarmu ne. Ƙasar Arewa ba iri ɗaya ba ce duka. In ka bi ta Zamfara, Birnin Gwari har wani yanki na Katsina da Kano, tsohon dutse ne mai tauri, a jijiyoyinsa ake samun zinare. Amma da ka gangara Sakkwato sai abin ya canza, ƙasar a jere take hawa-hawa, saboda masana sun nuna wajen shekara miliyan 60 da suka wuce ruwan teku ne kwance a wurin, shi ya sa masu haƙa suke tsintar ɓawon kodi da ƙashin kifi a cikin dutse, a wurin da yau babu teku. Abin da tekun nan ya bari shi ne dutsen siminti na Kalambaina, da jibsum, wato wani farin dutse mai laushi, na wajajen Dange da Shuni. Kuma shimfiɗar ba ta tsaya a iyaka ba, ta wuce har Nijar, shi ya sa akwai masana'antar siminti a Malbaza.

To ga inda nake so mu natsu. An kafa kamfanin siminti na Sakkwato a 1962, ya fara aiki a 1967, yanzu yana hannun BUA. Dutsen simintin nan in aka loda shi a tifa haka nan kuɗinsa kaɗan ne, amma a niƙa shi a haɗa da yumɓu a ƙona da wuta mai zafin digiri kusan 1450, a sake niƙawa da ɗan jibsum don kada ya yi saurin daskarewa a hannun magini, sai ga siminti a buhu, kuma tsakanin tifa da buhun nan akwai direba da leburori da makanike da mai sayar da abinci a bakin get, kowa ya samu nasa. Wannan shi ake kira ƙara daraja.

Za ku ce ai mu ba mu da injin biliyoyi. Gaskiya ne, amma jibsum aikin hannu ne tun daga rami. Mai saye yana rage maka kuɗi ne saboda laka da danshi, to ka kankare lakar, ka ware mai haske daban mai datti daban, ka shanya ya bushe sosai, ka auna a sikeli da idonka kafin a ɗora a mota. In kun haɗa ƙungiya mai rajista kun sayi injin niƙa, an ƙara hawa wani mataki, domin jibsum in aka gasa shi da wuta madaidaiciya, wajen digiri 150, shi ne yake zama garin POP da ake silin da shi, da allin makaranta. Wallahi abin yana damuna in ga ana shigo da garin nan daga waje alhali ga dutsensa a ƙasarmu.

Sai dai fa ba a niƙa dutse a cikin gida. A 2010 a Anka da Bukkuyum ana daka dutsen zinare a tsakar gida, ashe akwai dalma a ciki, yara wajen 400 suka rasu. Wurin niƙa ya zama bayan gari, a rufe hanci, a yi wanka a canza kaya kafin a taɓa yara.

Aikin gida: ka tambayi kuɗin buhun ɗanyen jibsum da na buhun POP a kasuwar garinku, ka rubuta su da lamba a littafinka, ka cire ƙaramin daga babban, ka zo mana da amsar a zama na gaba.