Kudin ciyar da yara na baya: yadda ake nemansu a mahkamar Saudiyya

Yan uwa mata na Makka da Jidda da Madina, musamman wadanda aka rabu aka bar muku yara, akwai abun da yake ci mun rai kullum. Sai kiji mace ta shekara hudu biyar tana ciyar da yara ita kadai, tana saida abinci ko tana aikin gidajen mutane, uban yana nan garau yana daukan albashi, ita kuma tana cewa bari in hakura wata rana zan kai shi mahkama ya biyani duka. Wallahi ba haka dokar take ba. Hakurin nan da kike yi kudinki ne yake zubewa wata bayan wata.

Nizamin ahwal shakhsiyya, wato dokar aure da iyali ta Saudiyya, da aka fitar a shekarar 2022 ya fadi abun a fili. Madda (sashe) ta 58 tace ciyar da yaro wanda bashi da dukiyar kansa yana wuyan uba shi kadai, in yana da hali ko yana iya nema, namiji har ya kai lokacin da sa'anninsa suke iya neman na kansu, mace har tayi aure. Sai madda ta 59, ita ce wurin da ya kamata ki bude kunne: in uba mai hali yaki ciyarwa ko ya bace, uwa ta ciyar, kudin ya zama bashi a kansa, amma da sharadi biyu. Na farko ya zama lokacin da kike kashe kudin kina da niyyar zaki karba a hannunsa. Na biyu, alkali baya sauraron abinda ya wuce shekara 1 kafin ranar da kika shigar da kara. Yani in kin ciyar shekara biyar, wata 12 na karshe kawai za'a duba, sauran sai dai lada a wajen Allah. Kar ki rikita wannan da nafakar matar aure, ita shekara 2 aka bata a madda ta 52, na yara kuwa shekara daya ce.

Maganar niyya ita ce take kada mutane. Niyya abu ne na zuciya, to ya za'a gane? Uban zai iya tashi gaban alkali yace ai ita tace ta dauke mun, sadaka tayi wa yayanta. Shiyasa nake cewa ki bar shaida tun yanzu. Duk karshen wata ki tura masa sako a WhatsApp cikin ladabi, Baban su wane, wannan watan na biya kudin haya da na makaranta da magani kaza, ina binka. Ba zagi ba gori, layi biyu ya isa. Kuma dan Allah ki daina fadin kalmar nan ta zuciya, ni bana bukatar ko riyal dinka, zan rike yayana. Nasan bacin rai ne yake sa a fada, amma in ya ajiye muryar ko rubutun to kin bashi makami da hannunki. In yan uwa sun zauna sulhu ki fadi a gabansu cewa abinda kike kashewa bashi ne, su zama shaidu.

Sai tara takardu. Ki samu jaka daya ko ambulan babba, duk fatura wato rasit ki jefa ciki: ta sidaliyya (kantin magani), ta mustashfa (asibiti), kayan makaranta, madara da famfas, wuta, kwantiragin haya. Faturar bakala wato kantin unguwa ta kan goge bayan yan watanni har rubutun ya bace, ki dauketa hoto a waya ranar da aka baki. Abinda zai yiwu ki biya da kati maimakon tsabar kudi, saboda kashfin hisabi wato takardar shige da ficen kudi ta banki shaida ne da ba'a gardama dashi. In yana turo wani abu jefi jefi, ko dari biyu ne, ki rubuta ki fada da bakinki, boyewa zai bata miki gaskiyarki gaba daya. Ki hada da ikamarki wato katin zamanki, takardun haihuwar yara, takardar aure ko sakkin saki wato takardar saki ta mahkama, da duk abinda kika sani na aikinsa da inda yake zaune.

Karar kanta ta Najiz ake shigarwa, shafin ma'aikatar shari'a, a shiga da Nafaz, manhajar tantance mai shiga shafukan gwamnati, a cike sahifar da'awa wato takardar kara a bangaren ahwal shakhsiyya. Wadannan kararrakin an dauke musu biyan kudin shari'a, kuma mai neman nafaka tana da zabin ta shigar a garin da take zaune ko inda shi yake, ba sai kin bishi Riyad ba. Yawanci za'a fara turaku sulhu ta Taradi, shafin sulhu na ma'aikatar shari'a, in an daidaita a rubuta takarda wadda ake iya zartarwa kamar hukunci, in ba'a daidaita ba a wuce wajen alkali. In Larabcinki na kasuwa ne ki nemi lauya ko wanda ya iya rubutun mahkama ya duba miki kafin ki tura.

Abu uku zaki nema, kar ki tsaya a daya. Nafaka madiya wato ta baya, ki rubuta daga wata kaza zuwa wata kaza da adadin kudin. Nafaka mustamirra wato ta gaba, wadda ake lissafawa daga ranar shigar da kara, kuma ita doka ta sata gaba da duk basussukan da ake binsa, ta baya kuwa bashi ce kamar sauran basussuka, wannan ma dalili ne da zai sa kar ki yi jinkiri. Sai nafaka mu'akkata ta wucin gadi, alkali zai iya yankata tun shari'a bata kare ba don yara su samu na ci.

Kar ki sa ran duk abinda kika rubuta shi za'a baki. Ana duba halin yaran da karfin uban, abinci, sutura, wurin zama da bukatu na dole gwargwadon al'ada. Direba mai karamin albashi ba za'a yanka masa na dan kasuwa ba, kuma hakan adalci ne.

In hukunci ya fito yaki biya, ki koma Najiz ki bude talabin tanfiz wato neman a zartar da hukuncin, mahkamar tanfiz tana iya cirewa daga albashinsa ko asusunsa kai tsaye. Ki tabbatar kina da lambar IBAN wato ta asusun banki da sunanki, nan kudin zasu rika shiga.