Yadda za ka riƙe bambancin yankunan da Ingila ta mallaka a Amurka

Ƙanena ne ya zo min da littafi jiya nan Sakkwato wai jarabawar tarihi ta matso kuma kansa ya ɗaure. Na ce kar ka tsaya haddar sunayen yankuna 13 da Ingila ta mallaka a Amurka, raba su uku, ko wanne ka tambayi mi suke nomawa.

Fara da kudu. Virginia, inda aka kafa garin Jamestown a 1607, can taba ce kuɗi, ƙasa mai ni'ima ga zafi ga ruwa, Carolina ta Kudu kuma shinkafa da baba na rini, ka tuna fadamar Rima kawai, amma fa manyan gonakin nan bayi 'yan Afirka ne suka noma su, tun 1619 aka fara kawo su Virginia, wallahi abin akwai ɗaci.

Arewa kuwa, wato New England, sanyi da duwatsu, noma ba ya ci sosai sai kamun kifi da ƙera jiragen ruwa, addini ne ya kai Turawan Ingila can, suka kafa garin Plymouth a 1620.

Tsakiya alkama ce, kuma jama'a gauraye. New York daga hannun 'yan Holan aka ƙwace ta a 1664, Pennsylvania ta William Penn ce, Baturen Ingila da ya kafa ta. Ka zana taswira da biro ka rubuta amfanin gona a kan kowane yanki.