Kafin Ka Sayi Murhun Maganaɗisu, Duba Wayar Gidanka

Murhun lantarki na maganaɗisu ba ya yin zafi da kansa kamar tsohon murhun lantarki mai ƙarfen da ke yin ja idan ya yi zafi. A ƙarƙashin gilashinsa akwai naɗin wayar jan ƙarfe da ke haifar da ƙarfin maganaɗisu, wanda ke ɗumama gindin tukunya kai tsaye. Saboda haka tukwanen dalma da suka cika ɗakunan girkinmu ba za su yi aiki a kansa ba. Idan za ka shiga kasuwar Sabon Gari ta Kano sayen tukunya, ka tafi da ɗan mayen ƙarfe a aljihu: in ya manne a gindinta, kuma gindin shafaffe ne, to ta yi.

Babban abin dubawa shi ne ƙarfin murhun, wanda ake rubutawa da wat a jikin kwali. Wutar gida a Najeriya folt 230 ce, soket ɗin bango kuma amfiya 13 yake ɗauka, wato abin da bai kai wat 3,000 ba. Murhu mai kai ɗaya, wanda yawanci ke cin wat 2,000, zai zauna lafiya a soket mai kyau, muddin ba a haɗa shi da firji ko dutsen guga a kan wayar jone ba.

Mai kai huɗu lamarinsa daban ne, domin yakan kai wat 7,400 idan aka kunna shi gaba ɗaya, kusan amfiya 32 ke nan. Irin wannan ba a sa masa fulogi. Sai an ja masa layinsa shi kaɗai daga akwatin rarraba wuta, da waya mai kaurin murabba'in milimita 6, da bireka mai amfiya 32, wato abin da ke katse wuta idan lodi ya yi yawa, da makunni na musamman a bango inda hannu zai kai ba tare da an miƙa ta saman tukunya ba. Idan tazarar ta yi tsawo, ko wayar za ta bi ta cikin silin inda zafin Afrilu ke taruwa, ƙwararren mai wayarin zai iya ba da shawarar murabba'in milimita 10. Wayar ƙasa, wadda ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa don kada ta ja mutum, wajibi ce, kuma yawancin tsofaffin gidajen cikin birni sai an tabbatar tana nan. A wurin sayen waya kada a yi ƙwauro, domin akwai wadda kaurin robarta ya fi na tagullar da ke ciki. Ka sa a fere bakinta ka gani da idonka.

A ganina, gidan da wutar KEDCO, kamfanin rarraba wutar Kano, ke zuwa masa da rauni, ko wanda ya dogara da ƙaramin janareta da inbata, ya fi dacewa da mai kai ɗaya ko biyu, a kuma ajiye murhun gas a gefe saboda ko-ta-kwana. Murhu mai wat 2,000 yana cin yunit 2 a mita idan ya yi awa guda a ƙarshen ƙarfinsa. Wasu manyan kuma suna da tsarin da ake ƙayyade wutar da za su ja, kuma yana da kyau a tambayi mai shago.

A bar sarari a ƙarƙashinsa don fankar ciki ta sha iska, a riƙa share ƙurar hunturu daga ramukanta. Wajen tuƙa tuwo kuwa, a riƙe tukunyar da kyau, domin jan ta da muciya ke yi yana karce gilashin.