Yadin da zai ɗauke ka a gadon lilo

Masu zuwa kwana a bakin tafkin Madarunfa da masu gadin gona sukan kawo mini atamfa, su ce in ɗinka musu gadon lilo, irin wanda ake ɗaurewa tsakanin itatuwa biyu. Ba na karɓa. Faɗin atamfa bai kai mita ɗaya da rabi ba, dole sai an yi mata haɗi, kuma daidai wurin haɗin nan take ɓarkewa da mutum cikin dare. Gadon lilo falle ɗaya yake so: tsawo mita 3, faɗi mita ɗaya da rabi, babu ɗinki a tsakiya.

Wanda na fi yarda da shi shi ne nailan ɗin da ake kira ripstop. In ka matso da shi kusa da ido za ka ga ƙananan gidaje kamar na dara, domin an ratsa saƙar da zare mai kauri tsaye da kwance. Ko ƙaya ta huda shi, yagewar ba ta tafiya, nan take tsayawa a gida ɗaya. Tun Yaƙin Duniya na Biyu ake yin lemar dirowa daga jirgi da shi. In akwai lambar kaurin zare a jiki, nemi 70D. Wannan yana ɗaukar ƙato. Mai 20D kuwa bar shi, ya yi siriri. Amma ka guji wanda aka shafe da roba don tare ruwa. Iska ba ta ratsa shi, a zafin Afrilu na Maraɗi cikin gumi za ka kwana.

Ba kullum ake samunsa a Babbar Kasuwa ba. In babu, sayi kaki mai ƙarfi ko targal. Sun fi nauyi, amma targal ya fi nailan jure rana.

Kafin ka biya, ka ce wa mai shago: "Alhaji, bari in gwada." Ɗaga yadin sama ka duba ta hasken rana. In kana hango ramuka tsakanin zare, ajiye. Sannan ka kama da hannu biyu, ka karce shi da farce da ƙarfi. Zaren ya gusa ya bar fili? To haka zai yi a ƙarƙashin bayanka. Kaurin yadi ba ya hana wannan, matsewar saƙa ce ke hanawa.

Wajen ɗinki, a naɗe bakin da igiya za ta bi, a bi shi da keke layi uku, da zaren roba, ba na auduga ba.

Kada ka ja igiyar ta miƙe sambal. Bari ta sauko kamar digiri 30. A haka kowane gefe nauyinka kawai yake ɗauka, in ka tsananta kuwa nauyin ninkuwa yake yi. Ranar gwajin farko ka rataye shi daidai gwiwa, a kan yashi, ka zauna a hankali kana sauraren ɗinkin.