Yadda ake shirya tafiya da iyali a tsohuwar hanyar fatake: Katsina, Daura, Kano

Kunya ce ta tayar da ni. 'Yata ta aji biyar ta dawo daga makaranta da aikin gida a kan Bayajida, ta ce, "Baba, wai rijiyar Kusugu a wace ƙasa take?" Na ce mata ga ta nan Daura, awa ɗaya da 'yan mintoci daga ƙofar gidanmu. Ta ce to me ya hana mu zuwa? Na rasa ta cewa. Mun je Daura biki, mun je ta'aziyya, amma ko sau ɗaya ban taɓa karkata kan mota na nuna musu rijiyar ba. Hutun ƙarshen shekara na zuwa na kwashe su duka, har da Hajiya mahaifiyata, muka yi Katsina zuwa Daura, Daura zuwa Kano, muka dawo gida. Ga yadda za ka shirya taka, har da inda na yi tuntuɓe don kada ka maimaita.

Da farko ka san hanyar da za ka bi, ka kuma yanka ta zango-zango. Daga Katsina zuwa Daura ta Mashi da Shargalle kusan kilomita 80 ne. Daga Daura zuwa Kano ta Kazaure da Ɗambatta wajen 135. Daga Kano zuwa Katsina ta Bichi, Tsanyawa, Kankiya da Charanci wajen 170. Duka-duka bai kai 400 ba, kuma direban haya zai ce maka wuni ɗaya ya ishe shi. Kai ba haya kake yi ba. Waɗannan garuruwa uku su ne masaukan ayarin da ke ƙetaro Sahara daga Tarabulus, ta Gadamas da Agadas, ɗauke da gishiri da tufafi da littattafai, su koma da fatu da baƙin yadin Kano. Katsina ce babbar matattarar wannan ciniki kafin jihadi. Bayan da Ummarun Dallaje, jagoran jihadi a Katsina, ya karɓi birnin wajen 1807 kasuwa ta karkata Kano, har jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ya karya lagon raƙumi. Madugun ayari ba ya auna tafiya da ƙarfin ingarman da ya fi kowa gudu, da jakin da ya fi kowa nauyin kaya yake aunawa. A motarka jakin nan shi ne auta mai shekara uku da tsohuwa mai ciwon gwiwa. Ka ware kwana uku: ɗaya a Daura, biyu a Kano.

Sai lokaci. Tsakanin Nuwamba da Janairu ya fi, ga sanyi ga hutun makaranta a Disamba, sai dai ka yi hankali da hazo da sassafe. Daga Maris zuwa Mayu kada ka fara. Zafi yakan haura digiri 40, yara za su galabaita tun kafin Mashi. Mai son ganin hawa ya auna Sallar Gani ta Daura, wadda ake yi cikin watan Rabi'ul Awwal, amma ya sani gari kan cika maƙil, masauki ya yi wuya.

Mota kuwa, a nan zan daɗe, domin a nan na sha kashi. Mako guda kafin tafiya ka kai ta gareji, ba ana gobe ba, don in an canza wani abu ka samu kwanakin gwada shi a cikin gari. A duba birki, a juye baƙin mai, a leƙa ruwan lagireto da fambel da batir da fitilu. Ka tsuguna da kanka ka karanta lambobi huɗu da ke jikin kowace taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019, kuma ko da zanenta bai suɗe ba ta tsufa, kwalta mai zafi ba ta yi wa tsohuwar roba uzuri.

Ni duk na yi wannan. Abin da ban yi ba shi ne buɗe but in taɓa safaya. Na tambayi bakanike, ya ce, "Alhaji, komai lafiya lau, ko Agadas za ka." Mun wuce Mashi kaɗan sai na ji mota tana ja gefe ɗaya. Ƙusa. Na ce ba komai, na sauke jakunkuna da kuloli a bakin titi, na ciro safaya, na danna ta da babban yatsa, sai ta lotsa kamar gurasa. Uwargida ba ta ce uffan ba, ta dai gyara mayafi ta kalli gabas, wanda ya fi magana ciwo. Hajiya ce ta leƙo ta taga ta ce, "Kai dai tun kana yaro haka kake, sai an fita kake neman takalmi." Wani mai babur ne ya ɗauke ni da tayar a cinya zuwa wurin mai faci, muka ɓata awa biyu a gindin wata bedi, yara suka cinye dambun naman da aka yi don kwana uku. Saboda haka ka duba iskar safaya da idonka, ka tabbata jak yana ɗagawa, sifanar taya ta yi daidai da notinanka. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Takardu ba su buƙatar dogon bayani: lasisin tuƙi, takardun mota, inshora, tukunyar kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku. Akwai shingayen jami'ai a hanyar, musamman da yake Daura na dab da iyakar Nijar ta Kongolam, kuma mai cikakkun takardu gaisuwa kawai yake yi ya wuce. Ƙa'idar gudun ƙaramar mota a irin wannan titi kilomita 80 ce a awa, 50 a cikin gari. Yara a kujerar baya, kowa da bel. Ka ajiye lambar 122 ta hukumar kiyaye haɗura a wayarka da ta uwargida.

Ana jibi tafiya ka shiga tasha ka tambayi direbobin da ke bin layin kullum. Su ne jagaban wannan zamani: sun san inda rami ya buɗe, inda ake aikin hanya, ranar da kasuwar wani gari ke ci har ta toshe titi, da kuma yadda lamarin tsaro yake a makon nan, ba a watan jiya ba. Kowa a jihar nan ya san halin da ake ciki. Dokata ɗaya ce kuma ba na sassauta ta: ba a tashi kafin gari ya waye tangaran, kuma la'asar sakaliya ta same mu a masauki.

Lissafin kuɗi ka fara shi da mai. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta buƙaci lita 40, ka ƙara 15 saboda yawon cikin Kano da cunkosonta. Ka cika tanki tun a Katsina. Ka riƙe tsabar kuɗi da canji ƙanana, domin mai faci da mai fura ba su jiran sabis ya dawo. Guzuri a bar wa uwargida, ta fi ka sanin cikin 'ya'yanta, amma ka roƙe ta abin da ba ya lalacewa: dambun nama, ƙuli-ƙuli, dabino, cincin, aya. Ruwa ya fi komai, jarka guda ta sha, guda ta alwala da lagireto. A sa tabarma, buta, leda saboda mai amai a mota, maganin zazzaɓi na yara da na hawan jinin tsohuwa a jakar hannu, ba a ƙasan but ba. Batun ƙasaru ma ka tambayi malaminku tun a gida. A Malikiyya nisanta mil 48 ne, Katsina zuwa Daura kuwa a bakin gaɓar yake, kada gardama ta kaure a gefen titi.

Yanzu abin da za a gani. Ka fara da gida, da yammacin ranar da ta gabaci tafiya. Da yawanmu 'yan Katsina ta Dikko muna wuce Hasumiyar Gobarau kullum ba mu taɓa tsayawa ba, alhali ginin ƙasa ne mai tsayin kusan mita 15 da ake dangantawa da zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Korau. Ka kai su tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, yanzu gidan tarihi ce. Ka zaga da su Ƙofar 'Yanɗaka, wadda Lugga, jagoran Turawan mulkin mallaka, ya shigo ta cikinta a 1903. Kusheyin sarakunan Durɓi ta Kusheyi suna ƙasar Mani, ratse ne daga hanya. In da tsoho a motar, a bar shi sai wani jiƙon.

Daura ce zuciyar tafiyar, kada ka yi mata gaggawa. Tun a mota ka sa yaran su ba da labarin da bakinsu, kai kana gyara musu: baƙo Bayajida ya sauka gidan tsohuwa Ayana da dare, ya nemi ruwa, ta ce ba a samu sai ranar Juma'a saboda macijin da ake kira Sarki, ya karɓi guga ya tafi, ya sare kan macijin, Sarauniya Daurama ta aure shi, jikokinsa ta wajen Bawo suka mulki Daura, Katsina, Kano, Zazzau, Gobir da Rano, da Biram ta cike Hausa Bakwai. Ka gaya musu gaskiya cewa wannan tarihin baka ne, masana na ta muhawara a kansa. Rijiyar dai tana nan cikin gari, an gina ɗaki an rufe ta, kuma har yau da ruwa. Da aka jawo guga, 'yar tawa ta ƙi matsowa, ta riƙe zanen kakarta tana leƙe daga nesa. Hajiya ta kurɓa ta ce, "Zo ki sha, uwata, macijin ya mutu tun kafin a haifi kakan kakana." Ta sha, ta yatsine fuska, ta ce ashe ruwa ne kawai. Ku riƙe ɗan abin hasafi na masu kula da wurin. Daga nan ku wuce ƙofar fadar Sarki, a tuɓe takalmi inda aka ce a tuɓe, kuma a nemi izini kafin a ɗaga waya ɗaukar hoto. In akwai ɗan'uwa a garin ku sauka wurinsa, amma a sanar da shi tun da mako guda, kuma kada a je hannu rabbana.

Washegari ku kama hanyar Kano da hantsi, ku miƙe ƙafa a Kazaure ku sha fura. A Kano kada ka yi kwaɗayin ganin komai. Wuni ɗaya yana ɗaukar wuri uku ne kawai in da yara: Dutsen Dala da sassafe kafin rana ta yi zafi, a bar tsofaffi a ƙasa, Gidan Makama, sai marinar Ƙofar Mata, inda za su ga baba da toka sun mai da farin yadi shuɗi a cikin rami. Kasuwar Kurmi ta zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, lungunanta matsattsu ne, in za ku shiga kowane babba ya riƙe hannun yaro guda. Mota kuwa ka ajiye ta a masauki ku hau a-daidaita-sahu. Masaukin ma kafin ka biya ka shiga ɗakin ka murɗa famfo. Namu na farko sai da muka sauke kaya muka tarar ko ɗigo babu.

Ranar dawowa ku fito ta Dawanau da ƙarfe tara, kafin manyan motocin hatsi su cika titi. Tsaraba a saye ta tun jiya. Ku yada zango a Kankiya, a nan ne kuma za ka sake zagaya motar ka duba tayoyi huɗu, da ta biyar ɗin da ke cikin but.