Yadda ake bin sawun baƙaƙen fata masana kimiyya a jami'ar MIT

Tsofaffin rajistocin ɗalibai a jami'o'in Amurka, irin su MIT (Massachusetts Institute of Technology), galibi sunan ɗalibi da garinsu da shekara kawai suke ɗauke da su, babu launin fata. Saboda haka ka shigo da sunaye a hannu. Uku sun isa farawa: Robert Robinson Taylor, wanda ya gama karatun zanen gine-gine a 1892, Shirley Ann Jackson, da ta sami digirin digirgir a fiziks a 1973, sai Ronald McNair, da ya sami nasa a 1976, ya rasu a fashewar kumbon Challenger ranar 28 ga Janairu 1986.

Nemi kundin digirinsu a DSpace, rumbun ajiyar takardu na jami'ar a intanet. Shafin farko zai ba ka sashe, shekara da malamin da ya duba aikin. Na McNair, Michael Feld ne. Amma shafin godiya ya fi amfani, domin nan ɗalibi ke ambaton abokan karatunsa, suna ɗaya ya kai ka ga wasu. Daga nan ka bi jaridar ɗalibai, The Tech, da ake bugawa tun 1881, musamman fitowar 1968, shekarar da Jackson da 'yan uwanta suka kafa ƙungiyar ɗalibai baƙaƙen fata.

Hoton littafin yaye ɗalibai ba shaida ba ce. Hoto marar launi yana ruɗar ido, sai ka haɗa shi da wata takarda ko hirar da mutumin ya yi da bakinsa. Mata kuwa ka neme su da sunan gida da na aure, in ba haka ba za su ɓace maka.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne kalmar "na farko", kuma kuskuren yana tauye haƙƙin wani. Jackson ce baƙar fata mace ta farko da ta yi digirgir a MIT, amma a fiziks a faɗin Amurka Willie Hobbs Moore ta riga ta, a jami'ar Michigan a 1972. McNair ya tashi zuwa sararin samaniya a 1984, bayan baƙar fata Ba'amurke Guion Bluford a 1983, shi ma Bluford ɗin wani baƙar fata ɗan Kyuba, Arnaldo Tamayo Méndez, ya riga shi zuwa can a 1980. Duk inda ka rubuta "na farko", faɗi a ina, a wane fanni, kuma ka duba ranar tashi a takardun NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka.