Yadda Ake Fita Ɗan Hutu Kusa da Gida Alhali Ana Tara Kuɗin Babbar Tafiya

Wanda ya ƙudiri aniyar goya jaka ya zaga wata ƙasa ta ketare na makonni ko watanni, yawanci yana da shekara guda ko biyu ta tara kuɗi a gabansa, kuma a cikin wannan tsakanin ne niyyar mutane da dama take wargajewa. Wani yakan ƙuntata wa kansa ƙwarai, ya haramta wa kansa ko da fitar yini ɗaya, har ranar da gajiya za ta ci ƙarfinsa ya fasa asusun baki ɗaya. Wani kuma yakan ce ai hutun kwana biyu ba wani abu ba ne, ya riƙa gutsurar kuɗin kaɗan-kaɗan, sai bayan shekara ya duba ya tarar bai matsa daga inda ya fara ba. Abin da ya fi dacewa shi ne a mayar da gajerun tafiye-tafiyen kusa da gida wani ɓangare na shirin babbar tafiyar, wato a ware musu kuɗinsu daban, sannan a sa kowace ɗaya ta amsa wata tambaya wadda da an bar ta sai an isa ƙasar waje, da amsarta ta zo da tsada.

Kafin a yi maganar ko ina za a je hutu, sai an san adadin da ake nema. A rubuta kuɗin jirgi zuwa da dawowa, da na biza, da na inshorar lafiya, da na alluran rigakafi, sannan a ƙiyasta abin da za a kashe a kullum na kwana da abinci da sufuri, a ninka shi da yawan kwanakin tafiyar. A kan jimillar, a ƙara kamar kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari domin abin da ba a zata ba, musamman ga wanda yake tarawa da kuɗin da darajarsu take sauka idan aka kwatanta da na ƙasar da zai je. Idan aka raba wannan jimilla da yawan watannin da suka rage, an samu adadin da dole ne ya shiga asusu kowane wata. Wannan adadi shi ne ake fara cirewa ranar da albashi ko riba ta shigo, tun kafin a biya wata bukata da za ta iya jira.

Kuɗin ƙananan tafiye-tafiye kuwa suna da nasu asusun, kuma bai kamata a haɗa su wuri guda da na babbar tafiya ba, ko da mutum yana ganin ya iya riƙe lissafi a ka. A ganina kashi ɗaya cikin goma na abin da ake tarawa ya wadatar, kuma ƙa'idar ita ce idan ƙaramin asusu ya ƙare, an daina fita har sai ya sake taruwa, ba a ara daga babban da sunan za a mayar. Akwai wata fa'ida ta wannan tsari da ba kowa yake hangowa ba. Ofisoshin jakadanci da yawa suna neman bayanin asusun banki na watanni uku zuwa shida kafin su ba da biza, kuma asusun da kuɗi suke shiga cikinsa daidai-wa-daida kowane wata ba tare da ana yawan cirewa ba ya fi gamsar da mai duba takardu fiye da wanda aka zuba masa dunƙulen kuɗi ana saura mako guda a miƙa takardun.

Wajen zaɓen inda za a je, a fara da wuraren da motar haya ko jirgin ƙasa zai kai mutum cikin awa biyu zuwa huɗu, domin kuɗin hanya shi ne yakan cinye kaso mafi girma na gajeriyar tafiya, kuma awannin da aka ɓata a hanya an rage su ne daga hutun. Kwana ɗaya ko biyu ya isa. Tsakiyar mako da lokacin da ba na hutun jama'a ba sun fi arha, idan aikin mutum ya ba shi dama. A bar motar gida a gida ko da ana da ita, tunda a can ketare ba za a samu ba. Sai kuma a yi hattara da tafiyar ayari: abokai biyar da ba su da wani abin da suke tara wa kuɗi za su zaɓi masauki da wurin cin abinci gwargwadon aljihunsu, kuma kunya za ta hana mai tanadi cewa ya fi ƙarfinsa. Ko dai a faɗi iyakar abin da za a iya kashewa tun kafin a tashi, ko a tafi da mutum ɗaya mai irin wannan buri, ko a tafi shi kaɗai.

Babban abin da gajeriyar tafiya take koyarwa shi ne sha'anin jaka, kuma a nan ya kamata a fi mayar da hankali. A ɗauki ainihin jakar da za a tafi da ita ƙasar waje, a zuba mata ainihin kayan da ake shirin ɗauka, ko da tafiyar ta kwana ɗaya ce kuma ba a bukatar rabinsu. Da sauka daga mota, a goya ta a yi tafiyar ƙafa ta awa biyu ko uku, a hau matakala da ita, a shiga cunkoson jama'a da ita, a tsaya da ita a rana ana jiran mota. Jakar da ta yi daɗin ɗauka na minti biyar a cikin ɗaki tana iya zama azaba bayan kilomita biyar, kuma sai an gwada akan san na ƙwarai. Shawarar da masu tafiyar ƙafa suka saba bayarwa ita ce kada nauyin jaka ya wuce kashi 20 cikin ɗari na nauyin mai ɗauke da ita, wato mai kilo 60 kada ya haura kilo 12, kuma wannan iyaka ce ta sama, ba abin da ake son a cika ba. Yawancin nauyin ya kamata ya sauka a kan ƙugu ta hanyar ɗamarar jakar, kafaɗu kuwa su riƙe ta kawai kada ta karkata. Kaya masu nauyi a sa su a tsakiya kusa da gadon baya, marasa nauyi a ƙasa, abin da ake yawan nema kuma a sama.

Da an dawo gida, a zazzage jakar a ƙasa a raba kayan kashi biyu: abin da aka yi amfani da shi da abin da ba a taɓa ba. Duk abin da ya yi tafiya biyu ko uku ba a taɓa shi ba ya fita daga jerin, in ban da magunguna da kayan agajin gaggawa da rigar ruwa. Wannan tankaɗe yana da riba ta kuɗi kai tsaye, domin kamfanonin jiragen sama da dama, musamman masu araha a Asiya, suna ƙayyade jakar hannu a kilo 7, kuma abin da ya haura haka sai an biya masa a kowane tashi. Wanda ya horar da kansa a kan jaka mai cin lita 40 ko ƙasa da haka yana iya kauce wa yawancin wannan caji. Tun a ƙananan tafiye-tafiyen ne kuma ya kamata a saba da dokokin filin jirgi: a yawancin filaye ba a shiga da ruwa ko man shafawa a mazubin da ya wuce mililita 100 cikin jakar hannu, batirin ajiyar caji kuwa a jakar hannu ake sa shi, ba a cikin kayan da ake aunawa ba. Haka nan a gwada rayuwa da tufafi kala uku, ana wanke ɗaya da dare a shanya, domin a gane wane yadi ne yake bushewa kafin safiya.

Takalmi yana da nasa hukuncin. Sabon takalmi ba ya fara aiki a babbar tafiya. A saye shi da wuri a tattaka shi a waɗannan fitowa har ya saba da ƙafa, domin bororon da ya fito a tafiyar kwana ɗaya zai warke a gida, amma wanda ya fito a rana ta biyu ta tafiyar wata guda yana iya zaunar da mutum a masauki yana biyan kuɗin kwana a banza. Mai niyyar bin doguwar hanyar ƙafa irin wadda take kaiwa birnin Santiyago a Sifaniya, inda ake ba da takardar shaida ga wanda ya taka aƙalla kilomita 100 na ƙarshe, yana bukatar sanin yadda jikinsa yake a rana ta biyu da ta uku a jere, abin da fitar yini ɗaya ba za ta nuna masa ba. Irin wannan matafiyi ya ware hutu ɗaya na kwana uku domin wannan gwajin kawai.

Sauran kayan tafiya kuwa, irin su tanti da jakar barci da ƙaramin risho, a ara ko a yi haya tukuna. Sha'awar tafiya takan rikiɗe ta zama sha'awar sayen kaya, mutum ya riƙa jin kamar yana matsawa kusa da burinsa alhali asusun yake ragewa.

Sai maganar kwana. Abin da ya sa tafiyar jakar goyo take da sauƙin kuɗi shi ne masaukin haɗaka, inda ake biyan kuɗin gado maimakon ɗaki, mutum huɗu ko takwas ko fiye su kwana wuri ɗaya, su yi tarayya a banɗaki da kicin. Tsarin ya samo asali ne daga Jamus, inda wani malamin makaranta mai suna Richard Schirrmann ya buɗe masaukin matasa na dindindin na farko a tsohuwar fadar Altena a shekarar 1912. Ba kowa ne yake iya barci a inda wani yake minshari, wani yake shigowa ƙarfe biyun dare, wani kuma yake haɗa kaya da asuba ba, kuma babu aibu a cikin hakan. Aibun shi ne a gina kasafin wata uku a kan kuɗin gadon haɗaka, sai an je a gano ba za a iya ba, lissafin ya rushe tun makon farko. Saboda haka a nemi masauki mafi sauƙin kuɗi mai tsafta da tsaro a gajeriyar tafiya, idan akwai na haɗaka a gwada shi, a tafi da ɗan kwaɗo na kulle akwati da abin toshe kunne. Idan aka ga lallai sai ɗaki na mutum ɗaya, a koma kan lissafin farko a gyara shi, ko da hakan zai rage kwanakin babbar tafiyar.

A kowace fita a riƙe ɗan littafi ko waya a rubuta duk abin da aka kashe, komai ƙanƙantarsa, a lokacin da aka kashe shi. Farashin ƙasar waje zai bambanta, amma halin mai kashewa ba ya canzawa da tsallaka iyaka. Wanda yake hawa tasi da zarar ya gaji, ko yake sayen tsaraba a duk inda ya tsaya, ko ba ya iya wuce wurin shan abin sanyi, zai ga wannan a rubuce bayan fita biyu ko uku, kuma daga nan ne zai san nawa ya kamata ya ƙara a kan ƙiyasin da ya samo a intanet, wanda galibi na mutanen da suka fi shi tsumulmula ne.

Yana da kyau a yi aƙalla fita ɗaya ba tare da abokin tafiya ba, ko da ana shirin tafiya da wani, saboda abokan tafiya sukan rabu na yini ko na mako, wani lokaci ma ɗaya ya fasa ana dab da tashi. A sauke taswirar wurin a waya tun daga gida, a kashe data, a nemi hanya da taswirar da kuma tambayar mutane. A ajiye kuɗi wuri biyu a jiki da jaka, a ɗauki hoton katin shaida, a kuma sanar da wani na gida inda za a kwana da lokacin da za a dawo. Waɗannan ɗabi'u ne da ake so su zama jiki tun a inda kuskure ba shi da tsada.

Akwai abubuwan da hutun kusa da gida ba zai koyar ba, kuma bai kamata nasarar ƙananan tafiye-tafiye ta rufe wa mutum ido a kansu ba. Ciwon hawa tudu, wanda ƙarancin iskar shaƙa yake jawowa, yakan fara ne daga tsayin kimanin mita 2,500 sama da teku, birnin Kusko na ƙasar Peru kuwa yana kan kusan mita 3,400, kuma ƙarfin jiki ba ya kare mutum daga gare shi, sai dai hawa a hankali. Yanayi ma sai an karanta: damina mai ƙarfi tana sauka a yawancin Indiya daga Yuni zuwa Satumba, watan Yuli kuma tsakiyar hunturu ne a Ajantina da Ostireliya.

Sha'anin takardu shi ne zai nuna lokacin da za a dakatar da ƙananan tafiye-tafiyen. Ƙasashe da dama, ciki har da Tailan da Indonesiya, suna so fasfo ya kasance da sauran wata shida kafin ya ƙare. Yankin Shengen na Turai yana ba mai ziyara kwana 90 ne cikin kowane kwana 180, kuma mai neman bizarsa sai ya nuna inshorar lafiya da za ta iya biyan aƙalla Yuro 30,000. Ana iya miƙa takardun tun ana saura wata shida a tashi. Takardar rigakafin cutar shawara, wadda wasu ƙasashe suke nema, ba ta fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, ko da yake tun shekarar 2016 ana karɓarta har tsawon rayuwa, wasu alluran kuma ana yin su ne kashi-kashi cikin makonni. Duk waɗannan suna cin kuɗi da ranakun aiki a lokaci guda, saboda haka idan ya rage wata uku a tashi, a yi fita ta ƙarshe da cikakkiyar jakar da aka riga aka tace, a rufe ƙaramin asusu, a juye abin da ya rage a cikinsa zuwa kuɗin ko-ta-kwana na babbar tafiyar, sannan a mayar da ranakun hutun da suka saura ga ofishin jakadanci da asibiti da banki.